Ɗan da Wazir Ya Kira

"Da kunnena na ji," in ji Doreen, 'yar marigayi Wazir, tana rungume da Littafi Mai Tsarki. "Ɗan Allah ya kira. Baba ya karɓi Yesu kafin ransa ya fita."

Ishmael, ƙanen mamacin, ya ƙi zama. "Rufe min baki. Shekara saba'in yayana yana karanta Ƙulhuwallahu. Bai haifa ba, ba a haife shi ba. Kafin la'asar za mu kai shi makwancinsa."

"A Yohanna an ce makaɗaicin Ɗansa, Baffa. A coci za mu sallame shi."

"Kai wa fastonki mai jita wannan karatun."

Maƙwabcinsu Shameer yana tsaye kan matakalar katako, ƙafarsa duk taɓon gonar shinkafa. Shi aka ƙwala wa kira da hantsi, shi ya tallafe kan tsoho Wazir. Kalma ɗaya tsohon ya faɗa, "Beta," wato ɗa a bakin tsofaffin yankinsu na Berbice. Sau uku ya faɗe ta, idonsa a kan ƙofa.

"Shameer, a gabanka aka yi," in ji Ishmael. "Wa ya kira?"

Shameer ya dubi ƙofar. Nasa ɗan farin shekaranjiya ya samo bizar Amurka, tun ranar bai ci abincin kirki ba.

"Feroze yake kira."

Feroze ne kaɗai ɗan Wazir namiji. Shekara goma sha biyu yana tuƙa tasi a New York. Duk Disamba yana aiko ganga cike da kayan tsaraba, shi kam ko sau ɗaya bai zo ba.

"Ba ka san aikin Ruhu Mai Tsarki ba," in ji Doreen.

"Mutumin da Juma'a ma sai ya ga dama, shi zai ba da shaida?" in ji Ishmael, don shi kalmar shahada ya so ya ji.

Suka buga wa Feroze waya ya raba gardama. Muryarsa ta fito cikin ƙarar motoci. "Ku yi yadda kuka ga ya dace, Baffa. Ina da fasinja. A ɗauko min bidiyo."

Doreen da Ishmael suka koma baranda, kowa yana jawo ayarsa.

Shameer ya shiga ɗakin da gawar take. Har yanzu ba wanda ya ɗaure wa tsohon haɓa, bakin yana buɗe. Ya yago gefen rigar matashi, ya zagaya da shi ta ƙarƙashin gemun, ya ƙulla a ka. Fanka tana ta kaɗa bakin ƙyallen.