Karen Gadin Alhaji Kaumi

Mai Keke Napep na uku ke nan da ya ƙi. Ya leƙo, ya ga kare a ƙarshen igiya, ya ce, "A'a wallahi, Alhaji, yau na wanke kujera," ya murza ya yi gaba. Sai na huɗu ne ya yarda, shi ma da sharaɗin a shimfiɗa buhu.

To, samun keke daban, shigar kare daban. Karen ya turje, wutsiya a tsakanin cinyoyi, jiki sai ɓari yake. Alhaji Kaumi ya ja, ya lallasa, ya yi tsaki, a ƙarshe ya tattare babbar riga ya sunkuce shi kamar ɗan akuya. Mutanen layinsu na unguwar Bolewa sun fito ƙofar gida suna kallo, shi kuwa baki ya riga ya saba.

"Ku matsa baya!" ya daka musu tsawa. "Ku matsa, kada ya yi wa wani illa!"

Sai da keke ya hau kwalta sannan ya tuna cewa irin wannan maganar ce take kai shi kotu yau.

Asalin karen ba nasa ba ne. Shekara tara da suka wuce maƙwabcinsa Ochai, wani ma'aikacin gwamnati, ya yi ritaya zai koma garinsu. Mota ta cika da kaya, ɗan kwikwiyo ya rasa wuri. Ochai ya ce, "Alhaji, riƙe min shi sati biyu, zan aiko." Har yau ana jiran ɗan aike. Kafin wata ya zagayo Alhaji ya kamu da son abin nan, so na gaske, irin wanda in ya dawo daga kasuwar hatsi bai gan shi a zaure ba, tuwo ba ya yi masa daɗi.

Sai dai Alhaji Kaumi mutumin sahun farko ne. In liman ya yi tafiya, shi ake turawa gaba ya ja salla. Malamai kuwa sun faɗa, sun maimaita: kare sai don gadi, ko kiwo, ko farauta. Ajiye shi don so kawai, wannan aikin wasu ne can, ba na dattijo mai furfura a gemu ba. Saboda haka Alhaji ya mai da shi karen gadi, da baki. A majalisa bayan Magariba ya ba da labarin yadda Barkono, sunan da ya raɗa masa a waje ke nan, ya yaga wandon ɓarawo. Shekara ta zagayo ɓarawon ya zama uku. Wata shekarar ma har da adda suka zo. Unguwa ta yarda, yara suka daina ɗauko ƙwallo in ta faɗa gidan.

Ranar da abin ya faru, Muhammadu Lawan dillalin filaye ne ya shigo zaure da sallama mai ƙarfi. Kare yana barci, ya zabura. Lawan ya zabura. Kowa ya yi nasa wuri, kare ya yi cikin gida, Lawan ya yi waje, ya ci karo da tsohon langa-langan da aka jingine a bakin ƙofa, ƙwaurinsa ya tsage. Alhaji yana zaune a kan tabarma, a idonsa aka yi komai. Amma da jama'a suka taru suka ga jini, wani ya ce, "Barkono ne?" sai Shaiɗan ya zuga shi.

"Na sha gaya muku," in ji shi, yana girgiza kai. "Karen nan ba ya wasa."

Lawan da kansa bai san abin da ya same shi ba, gudu yake ba waiwaye. Tunda mai kare ya ce cizo ne, cizo ne. Aka kai shi asibiti, ya sha allurai har hannu ya kumbura, ya fito da fushi ya shigar da ƙara. Ba komai yake nema ba sai abu ɗaya: kotu ta sa a kashe karen kafin ya kashe ɗan wani.

A harabar kotun majistare, Alhaji ya ɗaure karen a gindin darbejiya. Lauyarsa, Barista Georgina, ta taho da sauri da fayil a hammata. Iyayenta mutanen Binuwai ne, amma a Potiskum aka haife ta, Hausa a bakinta kamar jakin Kano.

"Baba Alhaji, ka saurare ni da kyau," ta ce. "Takardar asibiti rauni kawai ta ce, ba ta ce haƙori ba, ba ta ce ƙarfe ba. Maganar yau guda ce. In kotu ta gamsu kare mugu ne, kuma ka san mugu ne ka bar shi a sake, sunansa gawa. Ka dai ja wa shaidun da ka kawo kunne ko?"

"Mutanen kirki ne," in ji Alhaji. "Ba za su bari a ci mutuncina ba."

Ai kuwa ba su bari ba.

Mallam Gana ladan aka fara kira. Ya rantse, ya gyara rawani, ya dubi mai shari'a, wata mace mai tabarau da ba ta cika ɗaga kai daga rubutu ba.

"Ranki ya daɗe, ni dai na zo ne in wanke Alhaji. Akwai masu yaɗa cewa wai kiwon kare yake irin na nishaɗi. Ƙarya ne! Karen nan bala'i ne. Ɓarayi uku masu adda ya kora shi kaɗai."

"Ka gani da idonka?" Georgina ta tambaya.

"Me zan gani? Alhaji ne ya faɗa da bakinsa. Mutumin da muke bi salla zai yi mana ƙarya?"

Shaida na biyu ya ƙara gishiri, ya ce shi kam ya ji har kura karen ya taɓa tarewa a hanyar Danchuwa. Lauyan Lawan bai ma wahalar da kansa da tambaya ba. Ya miƙe, ya yi wa shaidun godiya, ya zauna yana murmushi.

Aka ɗaga zama na minti goma sha biyar. Georgina ta ja Alhaji gefe.

"Baba, sun gama da mu. Da ƙauna suka yanka karen. Saura mutum ɗaya da zai warware wannan, kai ne. Ka shiga ka rantse ka faɗi yadda karen nan yake."

"A gaban Mallam Gana?"

"A gaban kowa."

"'Yata, shekara sittin da uku gare ni. Kina so in tsaya in ce shekara tara ina zuba musu ƙarya? In ce don so nake ajiye kare?"

"Ni ba abin da nake so. Amma ga mutumin can mai farar riga, daga sashen lafiyar dabbobi yake. Allura ce a jakarsa. In an yanke hukunci, ko gida ba za a bari ka koma da shi ba."

Alhaji ya dubi mai farar riga, ya dubi gindin darbejiya. Wata kaza ce ta zo tana tsattsagar ƙasa kusa da karen, shi kuwa ya ja da baya iya tsawon igiya, ya maƙale a jikin bishiya, yana neman Alhaji da ido. Tsoro ya kama dattijon, tsoro irin wanda bai ji ba ko ranar da gobara ta taɓa rumfarsa. Ya tambayi inda famfo yake, ya je ya yi alwala.

Da ya rantse, muryarsa ta yi ƙasa har mai shari'a ta ce ya ɗaga.

"Ranki ya daɗe, karen nan bai ciji Lawan ba. Langa-langa ne. Ina zaune aka yi. Karen ya ma riga Lawan gudu."

"To me ya sa ka ce cizo ne?"

"Jama'a sun taru, ranki ya daɗe. Na ga kasuwa ta buɗe."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya daga baya, ɗan sandan kotu ya buga tebur. Lauyan Lawan ya miƙe, ya daina murmushi.

"Alhaji, wa zai yarda da kai? Yau da ka ga wuƙa a wuyan karenka ka sauya zance. Ina ɓarayin nan uku?"

"Babu su."

"Ko ɗaya?"

"Ɗayan ma ni na ƙera shi," in ji Alhaji. "Amma ɓarayi na gaske sun taɓa shigowa, bara waccan. Sun ɗauke janareto. Da gari ya waye muka sami karen a bayan randa, ya jiƙa wurin. Na ce wa mutane sayar da janareton na yi."

Wannan karon ɗan sanda bai buga tebur ba, shi ma kansa a sunkuye yake, kafaɗu na motsi.

"A ina karen yake kwana?" mai shari'a ta tambaya. Ta ajiye biro.

"A ɗakina, ranki ya daɗe. Ƙarƙashin gado. Yana tsoron tsawa. Da kyanwa. Kuma sunansa ba Barkono ba ne, in an kira shi haka ko juyowa ba ya yi. Bobi ne."

"Ba ya gadi, ba ya farauta, ba ya kiwo. Alhaji, me yake yi maka?"

Alhaji ya dubi bencin da Mallam Gana yake. Ladan ya kafe ƙasa da ido yana jan carbi da sauri. Shekara talatin suna gaisawa kullum sau biyar.

"Ba ya yi min komai," ya ce. "In na dawo daga kasuwa yana murna. 'Ya'yana sun watse, wannan Abuja, wannan Maiduguri, in sun bugo waya aike ne. Shi in ya ji takuna tun daga kwana yake kuka. Son shi nake, ranki ya daɗe. Ƙaryar da na yi, a hukunta ni a kanta, na cancanta. Shi ko ƙuda bai taɓa kamawa ba."

Lawan ya sunkuya ya ɗage ƙafar wando, ya tsaya yana nazarin tabonsa kamar yau ya fara ganinsa.

"Allura biyar," ya faɗa da ƙarfi, ba tare da an ba shi izini ba. "Allura biyar na sha saboda langa-langa!"

Mai shari'a ta sa aka shigo da karen. Da ya ga taro ya ƙwace, ya ruga ya cusa kai cikin babbar rigar Alhaji, sai wutsiya kawai ake gani. Ta daɗe tana kallo ta saman tabarau, sannan ta yi rubutu. Ta ce kotu ba ta ga mugun kare ba, abin da ta gani mugun baki ne, shi kuwa doka ba ta tanadar masa allura ba. Ta kori buƙatar kisa. Ta umarci a yi wa karen rigakafi, a kawar da langa-langa, Alhaji kuma ya ba Lawan haƙuri a majalisar da ya saba ba da labari.

A waje Alhaji ya miƙa wa Mallam Gana hannu. Ladan ya dubi hannun, ya dubi gashin kare da ya manne a gaban rigar.

"Ka sa na rantse a kan ɓarayin da babu su, Alhaji."

"Na sani. Ka yafe ni."

"Allah ya yafe mana duka." Bai karɓi hannun ba. "Liman yana Damagum yau. La'asar, za mu nemi wani ya ja."

Abin ya soke shi, ba ƙarya. Ya tsaya nan rana na dukansa har ladan ya hau bayan babur ya tafi. Sannan ya kwance igiya. Bai nemi keke ba, a ƙasa suka taka, ta gaban masu shayi, ta gaban masu faci, ana nuna shi da baki. Bai ce wa kowa ya matsa ba.

Hajiya Fanna, matarsa, tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Labari ya riga su isowa, kamar yadda ya saba a Bolewa.

"Sannu da zuwa, mai gaskiya," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ka kyauta. Shekara tara ƙaryarka ce take gadin gidan nan, yau ka je ka sallame ta a gaban jama'a. Duk ɓarawon da ke Potiskum yanzu ya san ko randa ce ba mai hana shi ɗauka."

Alhaji ya zauna a kan turmi, ya cire hula. Karen ya zo ya ɗora haɓa a kan ƙafarsa.

"A nemo mai gadi," ya ce.

"Mai gadi. A gidan da ke da kare."

"Eh. Mutum mai hankali, ba yaro ba." Ya sa hannu yana sosa bayan kunnen karen, a fili, ƙofar zaure a buɗe. "Kuma a gaya masa tun farko, in zai yi tari ko gyaran murya, ya yi a hankali. Bobi yana firgita."