Filin Jirgin Hammawa

A gonar Hammawa da ke Miri akwai wani yanki da garma ba ta taɓa shiga ba. Dogo ne siriri, ya miƙe daga bakin hanya har gindin ɗorawa, a daɓe kamar tsakar gida. A gefensa Hammawa ya kafa gora ya ɗaura mata tsumma. Mutanen gari suna ce wa wurin filin jirgin Hammawa, su kwashe da dariya.

Da ƙuruciyarsa ya yi aikin yankan ciyawa a tsohon filin jirgi na cikin Bauchi. A can ya ga wani ƙaramin jirgi irin na da, mai farfela a hanci da 'yar taya a wutsiya, ya sauko a hankali ya tsaya cik tun bai ci komai daga filin ba. Abin bai taɓa fita ransa ba. Yakan ce wa matarsa Juwairiyya, "Irin wannan, in ya fuskanci iska, ko a gonata sai ya sauka."

Ita kuma ta ce, "To ya sauka ya ci me?"

Da rani Allah Ya yi masa rasuwa. Ta fita takaba ke nan hadari ya fara haɗuwa, sai ga Salihu, ƙanen marigayin, wanda noman ya koma hannunsa.

"Adda, zan sa shanu a gonar. Har da filin nan."

"Har da shi?"

"Dawa ce za ta fito a wurin, Adda. Yara ba sa cin jirgi."

Ta san gaskiyarsa ce. Amma da zarar an ja kunya a wurin, shi ke nan, ba mai sanin ko maganar mijinta gaskiya ce ko shirme, ga shi ita ma tana cikin masu dariyar. Ta roƙe shi ya ɗan saurara mata.

Ta ji labarin an kawo wani tsohon jirgi da ke feshin tsuntsaye jan-baki a gonakin shinkafar rani. Ta shiga keke Napep har filin jirgi, ta yi ta magiya a bakin ƙofa, aka kai ta wurin matuƙin. Dattijo ne mai furfura, Andrawus, yana zaune a inuwar fiffike yana cin gyaɗa.

Bayan gaisuwa ta kai hannu ta taɓa jikin jirgin, ta janye da sauri.

"Baba, wannan ai yadi ne."

"Yadi ne, Mama, an ɗame shi an shafa fenti. Jirgin nan ya girme ki, ni ma da ƙyar na tsira."

"Kuma ba ya yagewa?"

"In ya yage mu ɗinke."

Ta tambaye shi yadda yake sauka a ɗan wuri. Ya ce ba shi da nauyi, fukafukansa kuma manya, don haka yana iya tafiya a hankali a sama bai faɗo ba. In iska ta taro shi ta gaba, sai ta riƙa riƙe shi har ƙasa. Ta ce to tsumman gora fa? Ya ajiye gyaɗar.

"Wace gora?"

Da ta ba shi labari, bai yi dariya ba. Ya tashi babur ɗinsa ya bi bayan kekenta har Miri.

Salihu na tsaye yana kallo, Andrawus ya taka filin daga hanya har ɗorawa, yana buga dunduniya a ƙasa. Ya dubi tsumman, yana kaɗowa daga wajen itacen. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon ɗorawar.

"Maigidanki ya iya daɓe," ya ce. "Zai sauka. Har da ragowar wuri."

Juwairiyya ta juya ta dubi Salihu. Andrawus ya ci gaba:

"Amma ba zai tashi ba."

"Kamar yaya?"

"Tashi sai da gudu, Mama. Injin ya tsufa, ga zafin ƙasarmu yana kashe masa jiki. Iska kuma ta wajen itacen nan take zuwa, dole can zan nufa. Kafin in ɗaga, ina cikin rassa. Sai dai a sare ɗorawar, ko a kwance fukafukan a loda shi a mota."

Ta dubi ɗorawar. Da kalwarta take daddawa, a gindinta kuma Hammawa yake shimfiɗa buzunsa. Ta bi maganganunsa ɗaya bayan ɗaya a ranta, ba ta tuna ranar da ya ambaci tashi ba. Saukar ya gani. Ranar da wancan jirgin ya tashi, mai yiwuwa yana can wani gefe da laujensa.

Dariya ta kubce mata, ta toshe baki da mayafi, sai ga hawaye.

"Da ya samu baƙon da ba ya tafiya," in ji Salihu a hankali. "Da ya ji daɗi kuwa."

Ta share ido. "Sa shanun, Salihu. Amma kar ka taɓa gorar."

Washegari da hantsi, an ja kunya ta farko, sai suka ji ƙara daga yamma. Jirgin ya sauko ƙasa-ƙasa, injin ya yi laushi, yana tafe a hankali har tana ganin furfurar Andrawus. Shanun suka tsaya. Tun da nisa da ɗorawar ya ƙara wuta ya kauce ta gefe.

Juwairiyya ta waiwaya ta duba tsumman. Iska jirgin ya fuskanto, kamar yadda Hammawa yake faɗa.