Buhun da Iya ta jiƙa

Ko azahar ba a kira ba esin ɗakin Baba, na'urar sanyaya ɗaki, ya fara hura iska mai ɗumi. Na kai hannu na ji. Wuta dai akwai ta, ga kwan ɗaki na ci, amma sanyi babu ko ɗis.

Tun da hawan jini ya shanye wa Baba ɓarin jiki likita ya ja mana kunne: kada a kuskura a bar shi cikin zafi, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Shi ya sa yayana Sada ya sa aka kafa masa esi. To ga shi yau Sada ya tafi Mashi sayar da dabbobi, ga bazarar Daura da ko ƙadangare ba ya yarda ya ratsa tsakar gida. Baba na kwance, gumi na bin wuyansa, numfashi sama-sama. Iya na yi masa fifita kamar hannunta zai cire.

Na kira Maharazu mai gyara a waya.

"Wallahi Fadila ina Sandamu kan wani aiki," in ji shi. "Zagaya bayan ɗaki ki duba injin waje. Fankarsa na juyawa?"

Na zagaya a guje. Innalillahi! Injin ma ban gan shi ba. An naɗe shi ruf da buhunan algarara jiƙaƙƙu, an ɗaure tam da igiya, tururi na tashi. Can ciki yana gurnani, sai ya yi ƙas ya ɗauke, ya sake yunƙurawa.

Raina ya ɓaci, na ɗaga murya: "Wane mai ƙarambanin ne ya yi wannan aika-aika?"

"Ni ce."

Ashe Iya ta biyo ni, da kofin ruwa a hannunta. "Jiya na taɓa shi na ji kamar garwashi," ta ce. "Na ce abin da ke riƙe da ran Malam ba zan bar rana ta cinye shi ba. Ba haka muke wa randa ba? Tun safe nake ƙara masa ruwa."

Kunya ta rufe ni, amma ba lokacinta ba ne. Na gaya wa Maharazu abin da na gani.

"Subhanallahi! Ai ta nan yake fitar da zafin ɗakin, an toshe masa hanci. Kashe shi maza, ki kwance buhunan, ki bari ya huce."

Na kashe. Igiyar ta ƙi kwantuwa, ƙullin Iya ne, sai da na sa wuƙa. Daga ɗaki ina jiyo Baba yana wani irin nishi da ban taɓa ji ba. Na jira, na jira, har na kasa haƙuri na kunna. Fanka ta juya, na ce alhamdulillahi. Sai inji ya yi wani gurnani mai tsawo, ya yi tsit. Ƙaurin waya ya daki hancina.

"Kina jin ƙauri?" Maharazu ya tambaya da na sake kiransa. "To kwamfuresan, wato zuciyar injin, ya mutu. Sai gobe na kawo wani daga Katsina."

"Ya mutu?" na faɗa da ƙarfi.

Kofi ya suɓuce wa Iya. Ta kwasa sai ɗaki tana salati, ɗankwalinta a ƙasa. Na bi ta ina cewa, "Iya, inji! Inji nake nufi!" Ina! Ba ta ji na. Ta durƙusa ta ɗora kunne a ƙirjin Baba, ta daɗe a haka. Da ta ɗago, muryarta ta sauya.

"Buɗe tagogi. Ɗebo ruwan randa. Kwaso zannuwana duka."

Ban yi musu ba. Ta riƙa tsoma zane tana matsewa, ta shimfiɗa masa a ƙirji, a wuya, a goshi, ni kuma ina fifita. In zane ya yi ɗumi ta canja wani. Na kira Sada ya ce ga shi nan da mota, mu shirya tafiya asibiti. Tsoro nake ji ƙwarai, don leɓen Baba ya bushe, idonsa a rufe.

Wajen la'asar numfashin ya fara sauka, a hankali, a hankali. Hannunsa mai lafiya ya motsa, ya laluba, ya damƙe bakin zanen Iya.

Sai a lokacin hawaye ya zubo mata. Ba ta dube ni ba ta ce, "Fadila, gaya mini tsakani da Allah. Ni na kashe shi ko?"

Na dubi ƙirjin Baba yana hawa yana sauka a ƙarƙashin jiƙaƙƙen zanenta.

"Inji ne kawai, Iya," na ce. "Miƙo wancan in sake jiƙawa."