Ƙarfen da Baba Ya Ƙara

Tela bai so zuwa duba mota da surukinsa ba, amma wa zai hana tsohon da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana buga jikin motoci? Mai Guduma ake ce masa. Tun da ya ji jikarsa, 'yar Tela, za ta fara makaranta mai nisa ya kafe, wai motar da za ta ɗauki amaryarsa sai ya sa mata hannu tukuna.

Abin da ke cin Tela ya fi ƙarfin bakinsa. Matarsa Auta, 'yar tsohon, ta rasu bara a motar da uban ya ba su kyauta. Tsohuwar mota ce mai nauyi, ya gyara ta da hannunsa, har ya yi mata waldar wani ƙarfe mai kauri daga bamba zuwa ƙasan inji, don kada komai ya lotsa ta. Ranar da Auta ta daki ginshiƙin gada, gaban motar bai yi wata lotsewar kirki ba. Har yanzu motar tana garejin tsohon cikin tamfol, kuma duk wanda ya zo sai ya ɗaga ya nuna masa, ya ce mota ta yi iya yinta, kwana ne ya ƙare. Da wannan maganar tsohon yake rayuwa.

Tela ma da ita ya rayu, sai da ya fara neman mota a wayarsa. Nan ya ga ana ba motoci taurari, daga ɗaya zuwa biyar. Ashe mutum-mutumi ake zaunarwa a ciki, a ɗaura masa bel, a maka motar da bango, sannan a auna irin dukan da kansa da ƙirjinsa suka sha. Motocin da suka fi samun taurari, gabansu murƙushewa yake yi da gangan, ya shanye ƙarfin karon kafin ya kai ga na ciki. Ranar da ya gane haka ya rufe shago ya yi kuka kamar yau aka yi rasuwar. Bai gaya wa kowa ba.

A filin sayar da motoci tsohon ya shiga aikinsa. Kowace mota sai ya ƙwanƙwasa ƙofarta da bayan yatsu, ya kasa kunne kamar mai zaɓen kankana. Da suka iso gun wata ruwan toka, wadda Tela ya riga ya zaɓa a ransa, ya danna gefenta da babban yatsa, ƙarfen ya shiga ya dawo.

"Wannan ai gwangwanin madara ne," in ji shi. "Ko akuya ta jingina da ita sai an kawo min gyara."

Dillalin da ke biye da su, wanda bakinsa bai san hutu ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, taurari biyar gare ta."

"Taurari a sama na san su, ɗana."

Tela ya ce, "Baba, ita nake so."

Tsohon ya dube shi. Tun rasuwar bai ƙara yi masa musu a kan komai ba, tausayinsa yake ji. "Shi ke nan, saya. Amma daga nan gareji za ka wuce da ita. In ƙara mata ƙarfe a gaba, irin wanda na sa wa ta Auta. Har na ajiye shi."

Gaba kura, baya sayaki. In Tela ya yi shiru, 'yarsa za ta riƙa zama a bayan ƙarfen nan kullum. In ya yi magana, ya ƙwace wa tsoho sandar da yake dogarawa. Ya ji ya tsani taurarin, da wayar, da ranar da ya fara bincike.

"Ba za a taɓa gabanta ba, Baba."

"Aikina ne ba ka yarda da shi ba?"

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

Tela ya sa hannu a aljihu. Ya ciro waya, ya buɗe bidiyon gwajin, ya miƙa masa. Tsohon ya nesanta ta da idonsa ya kalla. Motar ta daki bango, gabanta ya nannaɗe, jakar iska ta buɗe, ɗakin da mutum-mutumin ke zaune ya tsaya yadda yake.

"Maimaita min," ya ce.

Ya sake kalla. Mutumin da ya yi rayuwarsa da guduma ba sai an yi masa bayanin inda duka ke zuwa ba. Dillalin ya buɗe baki, ya dubi fuskar tsohon, ya ja da baya.

"In ƙarfe ya ƙi shan duka," tsohon ya faɗa a hankali, "na ciki ne ke sha ke nan."

"Baba, kwana ne ya ƙare. Kai kake faɗa mana."

"Kwana na Allah ne. Walda tawa ce."

Ya mayar masa da wayar da hannu biyu. Ya nemi wurin zama bai samu ba, sai ya dafa bonet ɗin motar, ya tsaya yana numfashi. Tela ya ga ya tsufa a gabansa, kuma ya san shi ya jawo. Ya so ya riƙe shi, kunya ta hana.

"Ka saya," in ji tsohon. "Ko ƙwarzane ta samu, kai wa wani, kada ka kawo min."

"Baba..."

"Abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka nuna wa tsohuwa surukarka wannan abin. Ni da farko siririn ƙarfe na ɗauko. Ita ta zo ta tsaya a kaina, ta ce in nemo wa 'yarta mai kauri."