Farin Shimfiɗa a Kan Baƙar Riga

"Baƙaƙe?" in ji Mai Tawada, yana duban rigunan da ɗansa ya zazzage daga buhu a kan tebur. "Ai farare muka yi da kai."

Tela na tsaye a bakin ƙofa da kofin ruwan zafin da ta kawo masa. Shagonta manne yake da nasa, katako ne kawai tsakani, don haka tarin da ya addabi tsohon tun bara ita ta fi kowa saninsa. In ya taso masa, sai ta ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ta jira ya lafa, har ta ji ƙarar robar da yake jan tawada da ita ta dawo.

"Kwamiti ne ya canja, Baba," in ji ɗan. Sakatare ne a wata ƙungiyar taimakon marasa lafiya, kuma tun da ya samu muƙamin kowa Sakatare yake kiransa, shi ma ba ya amsa wani sunan. "Sun ce fari saurin datti gare shi, baƙi ya fi fitowa a hoto. Asabar ne tattakinmu. Ai duk bugu ɗaya ne."

Ba ɗaya ba ne, ko Tela da ba sana'arta ba ta san haka. Farar riga sau ɗaya ake jan tawada a kanta, a rataye, shi ke nan. Baƙa kuwa shanye kala take yi. Sai an fara shimfiɗa mata farar tawada mai kauri a ƙirji, a gasa da injin zafi ta bushe, a ƙara wata, a sake gasawa, sannan ja da rawaya su samu wurin zama. Gasawar nan ce ke tayar da hayaƙi mai yaji, shi ne kuma likita ya hana shi shaƙa. Likitan ya ce ya dawo ranar Laraba da jakar kayansa, gado za a ba shi. Da farare ne, da ya gama kafin Laraba.

Tela ta buɗe baki za ta yi magana, Sakatare ya riga ta.

"Na faɗa musu babu kamar babana a wannan aiki. A gaban kowa na faɗa."

Ta ga yadda fuskar tsohon ta saki. Rabon yaron nan da shagon har ta manta; yau ya zo da buhu da daɗin baki, ya gama da uban.

"Babu komai," in ji Mai Tawada. "Za a yi."

Motar Sakatare na tashi Tela ta dire kofin da ƙarfi har ruwan ya fantsama.

"Za a yi da wane ƙirjin? Larabar fa?"

"Asibiti ba guduwa zai yi ba, maƙwabciya."

"Kai ne za ka gudu ai."

Ya yi dariya, dariyar ta rikiɗe tari, ya dafa tebur har ya wuce. "Kin ji abin da ya ce? A gaban kowa."

Ranar Laraba ta zo da shirinta, har ta tsayar da mai tasi. Ta tarar da shi cikin hayaƙi, ya ɗaure hanci da tsumma, rigunan da aka shimfiɗa wa fari jere a kan igiya. Ta roƙa, ta yi faɗa, ta haɗa shi da Allah. Shi kuwa ya ci gaba da jan roba kamar ba da shi ake ba. Mai tasi ya gaji da danna oda ya yi gaba. Sai ta kira ɗan a waya.

"Inna, ina cikin taro," in ji Sakatare a hankali. "Tarin Baba ai tsohon abu ne. Bayan Asabar ni da kaina zan kai shi, muna da likitoci a ƙungiya."

Ta kashe wayar. Tun da ta kasa fitar da shi, sai ta rufe nata shagon ta shiga nasa, ta karɓi injin gasawa, ko a gama da wuri. Ta kore shi bakin taga, amma shagon bai fi ɗakin girki ba, hayaƙin ba ya tambayar wa ke riƙe da inji. Idanunta suka yi ja, ita mai lafiya ma. Shi kuma da ta juya baya sai ya dawo yana taɓa farin da ɗan yatsa.

"Bai gasu ba, ƙara masa. In ya tsattsage a wanki, yaron ne zai ji kunya."

Ranar Juma'a da hantsi wata mata ta zo karɓar ɗinki, Tela ta koma shagonta ta ƙarasa mata kalmasa. Tana cikin taka keke tarin ya taso ta bayan katako. Ta ɗaga ƙafa ta jira. Ya yi tsawo, sannan ya tsaya. Ta saurari ƙarar roba, ba ta ji ba. Matar na ta yi mata bayanin hannun riga, ita kuwa ta riga ta miƙe.

A zaune ta same shi a ƙasa, ya jingina da ƙafar tebur, tsumman ya zamo wuyansa, yatsunsa fari fat da tawada. Ta kira shi, ta sake kira. Sannan ta kashe injin, ta fita ta kira maza.

Sakatare ya yi kuka wurin jana'iza, kukan gaske, Tela ba ta zarge shi da ƙarya ba. Amma washegari da safe sai ga motarsa a ƙofar shagon, idanunsa a kumbure.

"Inna, mabuɗin na wurinki?"

Ta dube shi, sai ya ƙara da cewa:

"Baba ba zai so aikinsa ya tashi a banza ba."

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne gaskiya ya faɗa. Ta ciro mabuɗin ta ajiye masa a kan keke, don ba ta so hannunta ya taɓa nasa. Tana jinsa ta bayan katako yana zare riguna daga igiya, bai tsaya tantance gamammu da waɗanda ba a gama ba.

Rana ta ɗaga tattakin ya biyo ta layinsu, da lasifika da tafi da masu ɗaukar hoto suna tafiya da baya. Tela ta tsaya a bakin ƙofarta. Na gaba-gaba rigunansu sun yi kyau ƙwarai, jan ya fito, rawayan ya fito, ko daga nesa ana karanta rubutun: Kada a bar mara lafiya shi kaɗai.

Suka wuce, ƙarar lasifika ta yi nisa. Can a baya wasu 'yan tsiraru na tafe a hankali, waɗanda rabo ya zo kansu a ƙarshe. A ƙirjin kowannensu fari ne kawai shimfiɗe a kan baƙi, babu rubutu. Tela ta bi su da ido har suka sha kwana.