Fitowar Baba Tela ta Ƙarshe

Shekara tara ina rubuta shirin da ake nunawa a talabijin kowane mako, kuma duk shekarun nan mutum ɗaya ne ke riƙe da shi: tsohon da ke fitowa a matsayin tela. Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa, har matarsa kafin ta rasu Baba Tela take ce masa. Shafi uku yake haddacewa yana kurɓar shayi, ya kuma gyara mini kuskurena a kai.

Sai ya fara tsayawa a tsakiyar magana. Da farko dariya muka yi. Da abin ya yi yawa na rage masa maganganu, sauran na rubuta a takarda na manna a gefen keken ɗinkin, inda kyamara ba ta gani. Wata biyu muna haka kafin furodusa ya gano, shi kuwa mutum ne da ba ya ganin ɗan Adam, minti yake gani.

"Kashe shi a labarin," ya ce mini a ofis. "Haɗarin mota, mako mai zuwa. Ba zan riƙa ɗaukar fitowa ɗaya sau ashirin ba."

"Ranka ya daɗe, aikin nan kaɗai ya rage masa. A bar ni in gwada wani abu."

Sai na ɗora wa telan cikin labari ciwon mantuwa. Idan Baba ya rikice, labari ne. Idan ya kira almakashi cokali, labari ne. Wallahi don in rufa masa asiri na yi. Amma 'yan kallo suka haukace a kan shirin, ana ta yabon gwanintarsa, aka ba ni kujerar mataimakin furodusa. Daga nan na daina rubuta masa komai. Zaunar da shi kawai muke yi, mu kunna fitilu, mu jira.

Wata Talata da hantsi 'yarsa ta zo, ta ja ni gefe a baranda, tsakanin wayoyi da kujerun roba.

"Yaya, ya isa haka. Jiya ya ga kansa a talabijin, ya tambaye ni wane ne wannan bawan Allah da ba shi da kowa. Yau zan tafi da shi."

Kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Na yi mata alkawarin an gama, na ce ta shiga ta ɗauke shi.

Na bi ta ciki, ashe ana cikin ɗaukar shirin. Baba na zaune gaban keke yana naɗe zare a yatsa. Ya ɗago ya yi mata murmushin da yake wa masu kawo ɗinki.

"Sannu da zuwa, baiwar Allah. Ɗinkin wa kika zo karɓa?"

"Baba, ni ce."

Ya daɗe yana kallonta. Ya san ya kamata ya gane ta, yana ta lalube. Darakta ya waigo ya dube ni, hannunsa a sama zai tsayar da ɗauka. Na girgiza masa kai.

Ta tafi da mahaifinta, bai sake dawowa ba. Kwana biyu bayan haka, a ɗakin tace hotuna, mai haɗa shirin ya tsayar da hoton a kan fuskar Baba.

"Maigida, wannan dai gogewa za mu yi, ko?"

"Yanke inda fuskarta ta fito," na ce. "Sauran ka sa a shirin wannan makon."