Gurasar da Fada Bai Keɓe Ba

Katikis, malamin coci, ya gaji da kiran Fada, firist ɗin da ke yi musu Misa. Coci-coci sun yi wa Fada yawa, motarsa kuma kullum tana wajen makaniki, sai haƙuri yake bayarwa ta waya. Ga matar Katikis kwance, jiki ya ƙi daɗi, ba abin da take roƙo sai Jikin Kristi kafin ta tafi. Akwatin bagadi da ake ajiye gurasar da Fada ya keɓe ta zama Jikin Kristi kuwa wayam, an raba ta ƙarshe tun makon jiya.

Ƙanwar matar ce ta kawo shawarar, tana wanke kwanon magani. Wai ai akwai gurasar Misa cike da gwangwani a kabad ɗin coci, ya ɗauko ɗaya mana. Kalmomin da Fada ke faɗa ma ya haddace su, wa zai gane?

Haba, shi da ya tsufa yana koya wa yara cewa Misa hadaya ce, kuma firist kaɗai ke miƙa ta! Ya so ya yi mata faɗa, amma ko ƙarfin faɗan babu. Ya ja takalmi ya tafi coci, ya ɗauko ɗaya, ya naɗe a hankici.

Da ya shiga ɗakin, matarsa ta ga hankicin, fuskarta ta washe. Ta haɗa hannuwa a ƙirji, ta rufe ido, ta buɗe baki. Saura kawai ya ce "Jikin Kristi". Ya ɗaga gurasar, ya tsaya. Tana nan baki buɗe tana jira.

"Uwar gida," ya ce, "gurasa ce kawai. Fada bai zo ba."

Can ta rufe bakin a hankali, ta juya fuska bango.

"To, Malam. Zan jira shi."

Ƙanwar ta fice tana tsaki, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin taurin zuciya irin wannan ba. Shi ma haushin kansa yake ji.

Fada ya zo daga baya, a motar haya, ya yi Misar jana'izar matar. Katikis ne ya shimfiɗa zanen bagadi kamar kullum. Da layi ya zo kansa, Fada ya ɗaga gurasar ya ce, "Jikin Kristi." Ya ce amin, ya karɓa, amma ya kasa haɗiyewa.